Yadda ake mayar da fim ɗin hatsarin jirgin ƙarƙashin teku littafin ƙagaggen labarin kimiyya

Mai kallon fim ba shi da lokacin yin lissafi. Ruwa ya ɓalle, fitilu sun koma ja, kiɗa ya tashi, kafin ya ce "anya kuwa?" an riga an kai shi wata fitowar. Mai karatu kuwa littafin na hannunsa. Yana iya komawa shafi na 40 ya tarar ka ce mutum 20 ne suka maƙale a ɗaki ɗaya, ya dawo shafi na 200 ya ga har kwana biyar suna numfashi lafiya lau, ya rufe littafin. A fim gani ya kori ji, a littafi babu ganin, sai abin da ka gina da kalma da lissafi. Saboda haka yawancin aikin nan ana yin sa ne kafin a rubuta jimlar farko.

Izini tukuna

Labarin fim dukiyar kamfanin da ya shirya shi ne. Yarjejeniyar Berne, wadda yawancin ƙasashen duniya suka sa wa hannu, ta ba mai asalin aiki ikon hana a juya aikinsa zuwa wata siga, kuma sauya sunayen taurari ko fassarawa zuwa Hausa ba ya kuɓutar da kai. Littattafan da aka sani a wannan fanni duk da amincewar masu fim aka rubuta su: Theodore Sturgeon ya rubuta na Voyage to the Bottom of the Sea a 1961, Isaac Asimov na Fantastic Voyage a 1966, Orson Scott Card na The Abyss a 1989. In ka samu izini, a rubuta abu uku a yarjejeniyar: yawan kalmomi, ranar miƙa aiki, da iyakar abin da aka yarda ka canza. Na ukun nan shi ne yake jawo rigima daga baya. In ba ka samu ba, hanya a buɗe take: abin da ya faru a tarihi ba mallakar kowa ba ne, kana iya ɗaukar salon irin waɗannan finafinai ka gina naka labarin da naka mutanen. Duk matakan da ke ƙasa za su yi maka aiki.

Warware rubutun fim

A al'ada shafi ɗaya na rubutun fim daidai yake da minti ɗaya a allo, don haka fim na awa biyu shafi 120 ne ko kusa da haka, kalmominsa kuma ba su cika wuce 25,000 ba. Littafin da za a kira littafi yana son 60,000 zuwa 80,000. Ke nan kashi biyu bisa uku daga kanka za su fito.

Samu ƙananan katuna, kowace fitowa kati ɗaya. A kan kowane rubuta wurin da ake, waɗanda suke ciki, ƙarfe nawa ne a agogon labarin, zurfin jirgin a lokacin, da abin da ya canza kafin fitowar ta ƙare. Biyu daga ciki, wato agogo da zurfi, sau da yawa rubutun fim bai faɗe su ba, kai za ka sa. A nan za ka fara ganin ramuka: wanda yake wutsiyar jirgi a kati na 31 ya bayyana a goshi a kati na 32, alhali ɗakin da ke tsakani cike yake da ruwa. Kamara ta yanke ta wuce, kai kuwa dole ka nemo masa hanya ko ka kashe fitowar.

Ka tuna kuma marubutan irin wannan littafi kan yi aiki da rubutu alhali ba a gama fim ba. Na Asimov ya riga fim ɗin fitowa da watanni, har mutane da yawa suka ɗauka daga littafin aka yi fim. Tambayi wane kwafi ne a hannunka, ka rubuta kwanan watansa.

Zana jirgin

Takarda ɗaya, jirgin a kwance, an tsaga shi gida-gida. Jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku yana da ganga mai kauri wadda take riƙe matsin ruwa, a cikinta mutane suke, sannan tankunan da ake cika wa ruwa in za a nutse, a kore ruwan da matsattsiyar iska in za a taso. A zanen nuna ɗakin makamai, ɗakin sarrafawa, wurin kwana da kicin, inda batir suke (galibi ƙasan daɓe), ɗakin inji ko tukunyar nukiliya, kowace ƙofa mai hana ruwa wucewa, da ƙofofin tsira na sama. Sa wa ɗakunan lamba daga goshi zuwa wutsiya. Haka jirgin Rasha Kursk, wanda ya nutse a 2000, yake, kuma a ɗaki na 9, can ƙarshen wutsiya, mutum 23 da suka tsira daga fashe-fashen suka taru. Manna zanen a bango, kada ka rubuta babi ko ɗaya ba tare da ka dube shi ba.

Zurfi shi ne yake zaɓar maka labari

Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, kusan kilo 1 a kan kowane santimita murabba'i. A mita 100, murfin ƙofa mai faɗin santimita 65 yana ɗauke da fiye da tan 30. Babu ƙaton da zai tura shi da kafaɗa. Ba ya buɗuwa sai an cika ɗan ɗakin da ke ƙarƙashinsa da ruwa, matsin ciki da na waje sun daidaita. Rami mai faɗin santimita 10 kuma, a wannan zurfin, yana shigo da ruwa da gudun sama da mita 40 a daƙiƙa, fiye da tan 10 a minti ɗaya. Irin wannan ruwan ba ya tsiyaya, harbi yake yi, ya cika ɗaki da hazo da ƙara har ba a jin umarni. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, don haka fitowar da jarumi yake toshe rami da riga ko katifa ka rage ramin ko ka rage zurfin.

Tarihi ya ba ka ma'auni. A 1939 jirgin Amurka Squalus ya kwanta a kusan mita 74, aka sauke wani ɗakin ceto na ƙarfe da igiya sau huɗu aka fito da mutum 33, bayan 26 sun mutu a ɗakunan da ruwa ya ci. Kursk ya nutse ranar 12 ga Agusta, 2000, a Tekun Barents, a mita 108. Jirgin kansa tsawonsa mita 154 ne, wato da za a tsayar da shi a tsaye da wutsiyarsa ta leƙo sama, amma duk mutum 118 suka rasu. Thresher na Amurka a 1963 ya wuce zurfin da gangarsa za ta iya ɗauka, ya murƙushe da mutum 129, tarkacensa na kwance a kusan mita 2,600. San Juan na Ajantina ya ɓace a Nuwamban 2017 da mutum 44, sai bayan shekara guda aka gano shi a kusan mita 900.

Darasin da ke nan na sana'a ne. Kayan tsira da mutum yake sawa ya taso shi kaɗai an yi su ne don zurfin da bai wuce kimanin mita 180 ba. Ƙananan jiragen ceto na zamani suna kaiwa wajen mita 600. Ƙasa da iyakar gangar jirgi kuwa babu labarin jira, murƙushewar tana ƙarewa kafin ƙwaƙwalwa ta san an taɓa ta. In fim ɗinka ya kwantar da jirgi a mita 2,000 mutane na raye a ciki, ko dai ka ɗora shi a kan wani tudu a bakin ramin teku, ko ka ƙirƙiro ƙarfen da ya jure, ka bayyana shi tun babi na farko.

Lissafin iska

Wannan shi ne agogon littafin, kuma a nan finafinai suka fi yin sakaci. Kullum cewa ake oksijin zai ƙare, alhali abin da yake fara kayar da mutane shi ne iskar kabon dayoksaid da suke fitarwa da kansu.

Ga yadda za ka yi. A ce sararin iskar ɗakin, bayan an cire injuna da kaya, lita 200,000 ne, mutum 20 a ciki. Mutum a zaune yana shaƙe kusan lita 25 ta oksijin a awa, ya fitar da kusan lita 20 ta kabon. Su 20 ke nan lita 400 a awa. In kabon ya kai kashi 3 cikin 100 na iskar ɗakin, ciwon kai da haki suke farawa. Kashi 5, wato lita 10,000, za a kai shi a awa 25, lokacin tunani ya dagule, ƙaramin aiki ya zama jan aiki. Daga kashi 7 zuwa 10 sai suma. A awa ta 25 ɗin nan oksijin ya sauko ne daga kashi 21 zuwa wajen 15, ana jin jiki amma ba shi ne mai kisa ba tukuna. Mai aikin ƙarfi, kamar juya famfon hannu, yana cin iska ninki uku ko fiye, don haka umarnin kyaftin na kowa ya kwanta ya yi shiru hukunci ne mai nauyi: duk gyaran da za a yi daga kwanan kowa ake cirewa. Rikicin babi guda ke nan ka samu kyauta.

Sai wani abu da marubuta da yawa ba su sani ba. In ruwa ya cinye rabin ɗakin, iskar da ta rage ta matse, matsinta ya ninka biyu, illar kabon ɗin ma ta ninka. Jikin mutane kuma yana ta shan naitirojin a ƙarƙashin wannan matsi, ta yadda ko an cece su, fito da su kai tsaye zai sa iskar ta yi kumfa a jini, ciwon da masu nutso suke tsoro.

Kayan ƙara kwana iri biyu ne: sinadarai masu tsotse kabon, irin su litiyam haidiroksaid, da abin da ake kira kyandir ɗin oksijin, wanda ake kunnawa ya yi zafi ƙwarai yana fitar da oksijin. Ƙidaya su a takarda, kowane ka san awa nawa yake ƙarawa. Suna da nasu sharrin. A ɗaki na 9 na Kursk, binciken hukuma ya nuna wani gwangwanin sinadarin sabunta iska ne ya haɗu da ruwa mai mai, ya tashi da wuta, ta cinye sauran oksijin. Batir ma haka: ruwan gishiri in ya shige shi yana jawo gobara da iskar kulorin mai ƙona huhu. Saƙon ƙarshe na San Juan ya ba da rahoton ruwa ya shiga ta bututun shan iska ya kai ga batir.

Kar ka manta da sanyi. Ruwan zurfin teku digiri 2 zuwa 4 ne, da zarar wuta ta ɗauke ganga ta fara zufa, komai ya jiƙe. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 na yadda iska take yi. Wanda ya yi nutso don rufe bawul ba zai fito ya ci gaba da ba da umarni ba, yatsunsa ma ba za su riƙe sifana ba.

Haɗa duka a jadawali ɗaya: awa a gefen hagu, sannan kabon, oksijin, tsayin ruwa, zafin ɗaki, batirin fitila, da yawan masu rai. Kowane babi ka ɗora shi a kan layinsa.

Ƙarya ɗaya, mai doka

Abin da ya mayar da labarin na kimiyya shi ne abu guda da babu shi a duniyarmu: wata halitta a ramin teku, ƙanƙantar da jirgi, sabon makamashi. Mai karatu zai karɓi ɗaya da hannu biyu in ka sa mata doka ka bi. Biyu ko uku kuwa sai ya daina jin tsoro, tunda ya san duk inda aka maƙale za ka zaro wata dabara daga aljihu.

Misalin Asimov ya isa. A fim ɗin Fantastic Voyage an ƙanƙantar da jirgi da mutanensa an tura su cikin jinin wani mara lafiya, da sharaɗin bayan minti 60 komai zai koma girmansa. A ƙarshe mutanen suka fita ta ido, aka bar tarkacen jirgin a ciki. Ai kuwa tarkacen ma zai girma ya hallaka mutumin. Asimov ya gyara: ya sa ƙwayar jinin da ta haɗiye jirgin ta biyo su har waje. Dokar fim ɗin ce ya bi har ƙarshenta, bai ƙaro wata ba.

Wani lokaci kimiyyar fim ɗin ce gurguwa tun tushe. A fim ɗin Voyage to the Bottom of the Sea na 1961 an ce ɗamarar Van Allen da ke kewaye da duniya ta kama da wuta, alhali tarin ƙwayoyi ne masu caji a inda babu iskar da wuta za ta ci. In ka ci karo da irin wannan kuma yarjejeniya ta hana ka cirewa, sa wani masani a cikin labarin ya yi gardama a kai, sunan "wuta" ya zama na 'yan jarida, ainihin abin ya zama wani daban.

Inda akwai gaskiya a ƙasan ƙaryar, tono ta. Numfashi da ruwa da aka nuna a The Abyss yana da asali: tun 1966 aka gwada ɓeraye suna numfashi a cikin wani ruwan sinadari mai riƙe oksijin da yawa. Matsalarsa ga mutum ita ce nauyi, ya kusa ninka ruwa biyu, huhu ba ya iya jujjuya shi da saurin da zai fitar da kabon. Ba wa jaruminka wannan wahalar, ta fi nasarar daɗin karantawa. Ka kuma rarrabe gida biyu da ake yawan cakuɗawa. Cikin jirgin yaƙi matsin iska irin na doron ƙasa ne. Sansanin ƙarƙashin teku mai buɗaɗɗen rami a daɓe, wanda masu nutso suke shiga ruwa ta cikinsa, matsinsa daidai yake da na ruwan waje, in ba haka ba da ruwan ya shigo. Mazauna irin wannan wuri, in zurfin ya yi yawa, iska mai hiliyam suke shaƙa, muryarsu ta koma kamar ta agwagwa, daga wajen mita 150 wasu kan fara rawar hannu da rikicewa, fitowarsu kuma tana cin kusan kwana ɗaya ga kowace mita 30. Daga mita 500 ana maganar fiye da mako biyu. Ba a tashi daga wannan gida a faɗa wancan ta ƙofa ɗaya.

Ina sauran kalmomi 45,000 za su fito?

Ba daga tsawaita faɗa da fashe-fashe ba. Abin da kamara take yi a daƙiƙa goma, in ka ba shi shafi shida ya mutu. Fashewa sakin layi biyu ta ishe ta. Wurin da littafi ya fi fim ƙarfi shi ne jira: awa 14 a duhu, wani na tari, wani na rubuta wa matarsa wasiƙa da laluɓe. A Kursk an samu irin wannan takarda a aljihun wani hafsa, Dmitri Kolesnikov, da jerin sunayen waɗanda suke tare da shi.

Zaɓi idanu uku ko huɗu da za a ga labarin ta cikinsu, kada su wuce haka: ɗaya mai ba da umarni, ɗaya mai datti a hannu, ɗaya a sama cikin masu ceto, in da hali ɗaya a gida. Na biyun nan kada ka yi wasa da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ta bakin injiniya ko makaniki ne bayanin fasaha yake shiga ba tare da ya zama lacca ba, domin shi ba bayani yake yi ba, neman abin da ya lalace yake. Babi ɗaya, ido ɗaya. Wanda ke cikin jirgi bai san me ake yi a sama ba, domin rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri sai wani nau'i mai dogon zango. Abin da ke tafiya a ruwa sauti ne, kusan mita 1,500 a daƙiƙa, shi ya sa ake amfani da wayar sauti ta cikin ruwa da bugun guduma a jikin ganga. Mai karatu ya san jirgin ceto ya juya saboda guguwa, na ciki suna ta bugu. Wannan giɓin shi ne rabin tashin hankalin littafin.

Tarihin mutane ma wuri ne. Card ya buɗe littafinsa na The Abyss da babi uku kan ƙuruciyar manyan taurari uku, abin da babu shi a fim, har daraktan fim ɗin, James Cameron, ya miƙa wa 'yan wasan su karanta. Ya kuma shiga cikin tunanin halittun ramin tekun, waɗanda a allo daga waje kawai ake ganinsu. Amma fa dabara ce mai haɗari: in mai karatu ya zo neman jirgi ka tsare shi shafi 60 a makarantar firamare, ba lallai ya jira ba. Mafi sauƙi shi ne ka yayyanka tarihin ka watsa shi cikin awannin jira, kowane yanki a lokacin da yake bayyana dalilin wani hukunci.

Hatsarin kansa kada ya zama dalili ɗaya. Na gaske sarƙa ne. A Thresher ana kyautata zaton matsala ta fara ne a ɗakin inji, tukunyar nukiliya ta tsaya, aka nemi kore ruwan tankuna da iska, danshin da ke cikin iskar ya daskare ya toshe matatun bututu. A Kursk sinadarin man wani makamin atisaye ne ya yoyo ya fashe, bayan minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi sauran makaman suka tashi. Gina naka da mahaɗa uku ko huɗu, kowace ƙarama, ka dasa ta farko tun jirgi yana tashar ruwa.

Harshe da bita

In da Hausa kake rubutawa, yi jerin kalmomin fasaha tun farko, kowane abu suna ɗaya, kada "tankin nutso" na babi na 2 ya koma "rumbun ruwa" a babi na 9. Inda bakanike yake da kalma, ita za ka ɗauka: bawul, famfo, batir, sifana, fis. Inda babu, siffanta abin da aikinsa sau ɗaya, daga nan ka gajarta. Umarni a cikin jirgi gajere ne kuma wanda aka ba yana maimaita shi kafin ya aikata. Riƙe wannan al'ada, domin ranar da wani ya kasa maimaitawa mai karatu zai gane kabon ta fara cin kansa ba sai ka faɗa ba.

Bita uku za ka yi, kowace da aikinta. Ta farko da zanen jirgi a hannu, kana bin sawun kowane mutum ƙofa-ƙofa. Ta biyu da jadawalin iska: a awa ta 22 babu mai dogon jawabi, babu mai gudu, jimlolinka ma su gajarce. Ta uku da katunan fim, don tabbatar da duk abin da yarjejeniya ta ce a bari yana nan. Bayan haka ba wa mutum biyu su karanta, ɗaya wanda ya kalli fim ɗin, ɗaya wanda bai taɓa jin sunansa ba. Na biyun ka ba shi farar takarda ka ce ya zana maka jirgin daga abin da ya karanta. Duk ɗakin da ya sa ba a wurinsa ba, koma babin da ka fara ambatonsa ka gyara.